Muryar da Ba Ta Gajiya

Ranar Laraba ce, kasuwar Makarfi ta cika ta batse, kuma Mukarrama ba ta fito da niyyar yi wa kowa magana ba. Tun sassafe take tsaye a ƙaramin asibitin Likoro tana auna jarirai, daga can ta hau mota ta zo sayen maganin mahaifiyarta. Ƙafafunta kamar aro ta yi su. Abu ɗaya ya rage ta koma gida: a tura mata sabon kashi na fim ɗin da Innarta take kallo a waya.

Shagon turin fina-finan ɗan akurki ne, wayoyin caji sun sarƙe a bango ta ko'ina. Mai shagon ko ɗagowa bai yi ba. Ya kafa waya a baki, ya lumshe ido, yana zuba kamar 'ya'yan kanya.

"Jama'a, Inuwa ne naku mai sharhi. Yau muna kan Ɗan Walƙiya, kashin makon jiya, wanda bai kalla ba ya toshe kunne. Kun dai san jarumin namu mai tashi sama yana kare birni, da na'urarsa Basira, mai tunani da magana kamar mutum. To aiki ya sha masa kai. Tsohuwarsa makauniya kullum da yamma sai ta kira shi a waya, shi kuma ga gobara can, ga miyagu nan. Sai ya ce wa Basira ta riƙa ɗauka da muryarsa. Haka aka yi ta yi har tsohuwa ta kwanta ciwon ajali. Da za ta cika ta ce, 'Na gode miki, 'yar nan, ki gaida mini ɗana.' Ashe tun tuni ta sani! Ni dai hukuncina, Basira ta kyauta, jarumi ma bai yi laifi ba. Alheri alheri ne, ko daga bakin wa ya fito."

"Wallahi ba haka ba ne."

Ita kanta Mukarrama sai da ta waiwaya ta ga wa ya yi magana, ta tarar ita ce.

Ya buɗe ido. Siriri ne, baƙi, da wushirya, idanunsa jajaye irin na wanda barci yake bi bashi.

"Hajiya, ɗaukar murya nake yi fa."

"To ɗauki wannan ma. Tsohuwar nan ba daɗin baki take nema ba. Da sau ɗaya ya ɗaga ya ce, 'Inna, na gaji,' da ya fi mata hirar shekara da ƙarfe."

Inuwa ya dube ta, ya dubi wayarsa, ya sake dubanta. Maimakon ya goge sai ya tura sharhin yadda yake, har da katsalandan ɗin, cikin zauren masu saurarensa. Ya karɓi wayarta ya zuba mata fim ɗin, kuma da ta tambayi nawa ne sai ya ce ta bar shi, ai ta biya da gardama. Lambarta kuwa ya nema ne wai don ya sanar da ita idan sabon kashi ya fito. Kowa ya san irin wannan sanarwar.

Kafin motarsu ta isa Likoro saƙo ya shigo.

"Salam. Mutanena sun ce kin kayar da ni. Wani ma ya ce in ba ki shagon. Inuwa ne, wanda kika kunyata."

Ta yi murmushi, na farko a ranar. Ta rubuta, "Ba na son shago. Ka dai gyara hukuncinka."

"Ba zan gyara ba. Amma zan so in sake shan kaye, Mai Gardama."

A gida aiki na jiranta kamar kullum. Shekarar da ta gama makarantar koyon aikin lafiya ne ɓarin jikin mahaifiyarta Inna Kulu ya shanye. Yayyenta mata duk suna gidajensu, mazan suna Kaduna, saura ita da mahaifinta Malam Yahuza, wanda ya fi sanin gonar rakensa da tukunyar mazarƙwaila fiye da hanyar ɗakin girki. Ita ce wanka, ita ce juyi, ita ce ba da abinci a baki. In ta gama sai ta jingina waya da filo a gaban Inna, ta kunna mata Ɗan Walƙiya, ta samu ta miƙe bayanta a tabarma. Tana son uwarta, ba ta taɓa shakka ba. Amma ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya wankewa.

Cikin wannan gajiyar saƙonnin Inuwa suka riƙa faɗowa. Ba gwanin rubutu ba ne, yakan ci haruffa, yakan manta abin da ya fara. Wani lokaci sai dai ya aiko da murya, tana jin janareto na kuka a bayansa da masu caji suna cewa a ba su wayarsu.

"Mai Gardama, kin ci abinci kuwa? Ni rogo na ci, ya tsaya mini a wuya, na tuna ki."

"Wato ni ce rogon?"

"A'a, ke ce ruwan."

Duk makon da sabon kashi ya fito sai sun yi musu a kansa. Shi yana ganin na'urorin nan za su hutar da ɗan Adam, ita tana cewa hutun da zai raba ka da naka ba hutu ba ne. Bai taɓa yarda ta yi nasara ba, bai kuma taɓa daina dawowa ba. Kafin damina ta ɗauke, babur ɗinsa ya san hanyar Likoro ko da an ɗaure masa ido.

Ranar da ya fara zuwa zance a ƙofar gida, ya zauna a kan dakali yana ta murza hularsa.

"Mukarrama, ni dai ban iya kwana-kwana ba. Ina son ki. Aure nake nufi."

"Kai da ka iya sharhin awa guda, iyakarta ke nan?"

"Sharhi na fim ɗin wasu ne. Wannan nawa ne, shi ya sa ya gajarce."

Ta sunkuyar da kai tana wasa da gefen hijabinta. Zuciyarta ta riga ta amsa, baki ne kawai ya tsaya jan aji.

Malam Yahuza kuwa da labari ya iso masa sai ya ajiye butar alwala ya ce, "Wane ne? Wannan mai surutu a waya?"

"Yana da shago, Baba."

"Shagon me? Mutum ya zauna ya kalli ƙarya, sannan ya tashi ya ba da labarin ƙaryar, shi ne sana'a? Da me zai riƙe ki, da baki?"

A gidan nan ba a musu da Baba ko da kai ne Mai Gardama.

Ga kuma Yahya, ɗan dillalin rake, wanda ya daɗe yana aiko da gaisuwa. Yahya ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Yana da injin matsar rake da motar ɗaukar kaya, yana da ladabi a waya. Abin da ba shi da shi kawai lokaci ne. Gaisuwarsa a aike take zuwa, tsarabarsa a aike, har ciwon Inna Kulu a aike ya duba shi.

Malam Yahuza ba mai tilasta wa 'ya ba ne, amma mutumin da ne. Da Inuwa ya zo gaishe shi, ya durƙusa har ƙasa, aka gama tambayar mutanen Makarfi da gajiya da ruwa, sai tsohon ya ce, "Yaro, a zamaninmu mai neman aure gonar suruki yake fara shiga kafin ya shiga zaure. Ni haka na yi kafin a ba ni uwarta. Rakena ya isa sara. Na faɗa wa Yahya, kai ma na faɗa maka. Ka zo da hannunka, ka bar bakin a gida."

"In sha Allahu, Baba."

Washegari Yahya ya aiko da inji da leburori. Inuwa ya zo da adda ta aro.

Wanda bai taɓa saran rake ba yana ganin abin zaƙi ne. Ganyen yana yanka kamar reza, ƙaiƙayinsa yana bin mutum har cikin riga, damin kuma sai ƙato. Inuwa da hannunsa bai saba da abin da ya fi waya nauyi ba, kullum daga sallar asuba sai ya hau babur ya taho. Ya yi sara har rana ta take, ya koma Makarfi ya buɗe shago, ya yi caji, ya yi turi, ya kalli sabon kashi ya yi wa mutanensa sharhi don kada su watse. Mukarrama ta san yana zuwa gonar, amma ba ta ganinsa, don Baba ya ce babu zance sai an gama aiki.

A wannan tsakanin ne saƙonninsa suka canza.

"Ya ke hasken idanuna, kowace safiya tunaninki ne yake buɗe mini ƙofar farin ciki. Haƙurinki da jajircewarki abin koyi ne. Ki sani zuciyata tana tare da ke a kowane numfashi."

Ta karanta sau biyu. Babu harafin da ya ɓace, babu rogo. Ta ce a ranta, lallai wahala ta koya wa bawan Allah magana. Gaskiya ta ji daɗi, don wace ce ba ta son a ce mata hasken idanu? Kullum irinsu suna zuwa, dogaye, santala-santala. Sai dai in ta gama karantawa takan ji kamar ta sha ruwan da bai kashe ƙishi ba, ta rasa dalili.

Wata ranar Asabar ta dawo daga asibiti ta tarar Inna ta zamo daga katifa, tana kwance a ƙasa tun hantsi ba mai ɗaga ta. Ba ta ji ciwo ba, amma Mukarrama ta ɗaga ta tana kuka, ta wanke ta tana kuka. Da ta samu kanta ta ɗauki waya.

"Inuwa, Inna ta faɗi ba na nan. Na gaji. Wallahi na gaji, ban san ya zan yi ba."

Amsa ba ta daɗe ba.

"Ya abar ƙaunata, na yi matuƙar baƙin cikin jin wannan labari. Ki tuna cewa bayan wuya sai daɗi, kuma ke jaruma ce da ba ta sarewa. Ina tare da ke a wannan mawuyacin lokaci. Idan kana so, zan iya ƙara masa kalaman soyayya ko in gajarta shi."

Ta tsaya a kan layin ƙarshe. Ta san wannan muryar. Abokan aikinta suna amfani da manhajar nan mai rubuta wa mutum duk abin da ya ce ta rubuta, kuma haka take rufe zancenta, da tayin ƙari. Wato ya kwashi kukanta ya miƙa wa na'ura, na'ura ta tauna ta ba shi, ya kwafo har da jelar bai ko duba ba. Ta koma sama tana bin saƙonnin makonnin nan ɗaya bayan ɗaya. Hasken idanu, ƙofar farin ciki, duk ba shi ba ne. Kunya ta kama ta kamar an leƙa ta tana wanka, bayan kunyar kuma baƙin ciki ya zo ya zauna.

Ba ta zage shi ba. Layi ɗaya ta rubuta.

"Na gode miki, 'yar nan. Ki gaida mini Inuwa."

Ta kashe wayar ta jefa ƙarƙashin filo.

Kwanaki suka wuce. In ta kunna wayar sai ta ga kiransa jere, ba ta ɗauka. Saƙonnin ma ba ta buɗewa, don wa ya san wa ya rubuta? Har ta fara gaya wa kanta cewa Yahya ma ai mutum ne, shi aƙalla bai taɓa ɓoye cewa a aike yake komai ba. Da yayarta ta kira daga Ikara tana tambayar ina aka kwana, ta ce mata, "Yaya, duk wanda Baba ya zaɓa. Ni na gaji da zaɓe."

Wata yamma ta gama ba Inna kunu, ta goge mata baki, ta jingina waya da filo kamar yadda ta saba. Tana shirin kunnawa Inna ta ɗora hannunta mai lafiya a kan wayar ta kife ta.

"Inna, ba kya son kallon?"

Maganar Inna Kulu tun ciwon nan a hankali take fita, kalma tana jan kalma.

"Yaron nan... me ya yi?"

Mukarrama ta faɗa mata duka. "Na kai masa kukana, Inna, ya haɗa ni da na'ura. Kamar dai jarumin fim ɗin nan da tsohuwarsa."

Inna ta daɗe tana kallonta. Gefen bakinta mai motsi ya ɗan ɗaga.

"Ke ma... ai ita kike ba ni."

"Wa?"

Inna ta buga wayar da yatsa. "Kullum. Ki jingina... ki juya baya."

Inna ta kama hannunta ta ci gaba.

"Ban ce... kin yi laifi ba. Na san gajiya ce. Fim ɗin ma... ba ya dame ni. Ina kallo ne... don ki samu ki kwanta."

Nan Mukarrama ta kifa kai a cinyar uwarta ta yi kukan da ta daɗe tana tarawa. Sai yanzu ta gane abin da ya sa maganar ta kuɓuce mata a shagon Makarfi ran nan. Ba jarumin fim take wa faɗa ba. Shekara da shekaru tana zaton ita take lallaɓa Inna da waya, ashe Inna ce take lallaɓa ta. Ranar ba a kunna komai ba. Ta zauna tana ba uwarta labarin jariran asibiti, wanda ya yi mata fitsari a hijabi da wanda ya ciji ma'auni, Inna tana dariyarta ta ɓari ɗaya.

Washegari da rana ta ce wa Baba ita za ta kai abincin masu aiki. Ya dube ta ta ƙasan ido, bai hana ba.

A bakin gona inji yana ta ƙugi, ruwan rake na tafasa a manyan tukwane, ƙamshin mazarƙwaila ya cika wurin. Leburorin Yahya suna inuwa suna jiran abinci. Can cikin rake ta hango wani ƙaramin mutum yana fama da dami, ya ɗaga ya faɗi, ya sake ɗagawa. Da ya matso ta ga ya rame, wuyansa duk borin ƙaiƙayi, tafin hannuwansa naɗe da tsumma.

Ya gan ta ya saki damin.

"Mukarrama."

"Kai ne, ko aiko ka aka yi?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni ne. Na cancanci wannan."

"Kwance hannun in gani."

Ya kwance. Ƙuraje sun fashe sun sake tashi, yatsun sun kumbura ba sa lanƙwasuwa. Aikinta ne ganin ciwo, amma sai da ta kau da kai.

"Da farko yatsun ne suka hana ni rubutu," ya ce. "Sai na riƙa gaya mata tana rubutawa. Da na ga kina jin daɗi, sai na ga ai ta fi ni iyawa. Ran da Inna ta faɗi, wallahi na karanta saƙonki na rasa abin cewa. Kaina ba ya aiki. Na ce bari in ba ki mai kyau."

"Kai da murya ce sana'arka? Me ya hana ka danna ka yi magana?"

Ya ce, "Kada ki ji yadda ta koma. Ke kullum cikin masu nishi kike, a asibiti nishi, a gida nishi. Na ce ba zan zama na uku ba. Ina so in zama wurin da kike hutawa."

Haushin da ta taho da shi ya nemi wurin zama ya rasa. Ta ajiye kwanon tuwo a gabansa.

"Inuwa, ni ban ce ka zama katifa ba. Na ce maka na gaji don ka ce mini kai ma ka gaji, mu zama mu biyu. In muryar da ba ta gajiya nake so, ai ina da waya."

"Kin yafe?"

"Ban sani ba tukuna. Ci abinci. In ka koma ka wanke hannun da ruwan gishiri mai ɗumi, kada ka sake naɗa wannan ƙazamin tsumman."

Ta juya ta tafi, ba don ta gama fushi ba, sai don leburorin Yahya sun fara miƙa wuya.

Bayan la'asar tana tsakar gida tana yanke wa Inna farce, Baba yana gefe a kan buzu yana jan carbi, saƙon murya ya shigo. Ba ita kaɗai ya tura wa ba, zauren masu saurarensa ya tura, ita ma tana ciki. Inna ta ce a kunna. Muryar ta fito a dishe, kamar an goge ta da yashi.

"Jama'a, Inuwa ne naku. Yau ba sabon kashi, tsohon zan koma, na tsohuwa makauniya. Ran nan na ce jarumi bai yi laifi ba. Na janye. Basira dai ba ruwanta, abin da aka sa ta ta yi, kuma ta iya. Laifin na wanda ya aike ta ne. Yana ganin ya ɓoye wa tsohuwa gajiyarsa don tausayi, bai san gajiyar ce rabonta ba, ita ce shaidar ɗanta ne. Na san haka don ni ma na yi. Akwai wadda ta faɗa mini tun ranar farko, na tsaya musu. In tana ji, ni ne nake magana, ba kowa. Na gaji ƙwarai. Hannuna yana zugi. Kuma ina... ina so in ce mata..."

Shiru. Janareto yana kuka a nesa. Sai wani sauti ya biyo, a hankali, sannan da ƙarfi. Munshari ne. Bawan Allah barci ya sace shi da waya a hannu, kuma da alama da ya farka ya tura bai saurara ba, don har yanzu bai koyi duba abu kafin ya aika ba.

Inna Kulu ta fara dariya har da hawaye. Mukarrama ta rufe fuska da hijabi, ita ma ba ta san ko dariya take ko kuka ba. Ta kai hannu za ta kashe, Baba ya ce, "Bar shi."

Suka zauna su uku suna sauraron munsharin mai sharhi har ya ƙare. Malam Yahuza ya ajiye carbi.

"Wannan munsharin na sani. Irinsa na yi a gonar kakanki." Ya gyara zama. "Yaron nan bai iya sara ba. Rabin raken da ya sara sai na bi na gyara. Amma tun da aka fara bai yi fashi ba, ɗayan kuwa har yau ban ga ƙeyarsa ba, injinsa kawai na sani. In na ba inji 'yata, ranar da ta kwanta ciwo wa zai zo?" Ya dubi Inna Kulu, ya kau da kai da sauri. "Ki ce masa ya turo manyansa. In kina so, fa."

Mukarrama ta kasa ɗagowa. Inna ce ta amsa mata. "Tana so."

Da ta shiga ɗaki ta danna wayar ta yi magana da bakinta, ba ta rubuta ba.

"Sarkin Munshari, duk Makarfi ta ji ka. Baba ya ce ka turo. Kuma ka ƙarasa abin da ka fara faɗa, ina jira."

Amsarsa a rubuce ta zo, da kumburarrun yatsu.

"ina sonki. nagaji. ni na rubta."

Wannan saƙon ba ta taɓa goge shi ba.

Bayan an kwashe rake aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Yahuza. Mutanen Makarfi sun zo, 'yan zauren sharhi sun cika mota guda, kowa yana tambayar ina angon da ya yi barci. Yahya ma ya kyauta, ya aiko da gudummawa, a aike. Yayyenta suka zauna suka raba kwanakin jinyar Inna a tsakaninsu, abin da ya kamata a yi tun tuni, amma sai da Mukarrama ta buɗe baki ta ce ta gaji sannan kowa ya ji.

Da za a tafi da amarya aka kai ta gaban Inna Kulu, aka shigo da ango ya durƙusa. Inna ta kama hannunsa mai tabon rake ta ɗora a kan na 'yarta, ta tattaro kalmominta ɗaya bayan ɗaya.

"Allah Ya yi muku albarka. Ya ba ku zuri'a ta gari. In kun gaji... ku gaya wa juna."

Aka ce amin, har da Malam Yahuza da yake bakin ƙofa yana yi kamar hayaƙi ne ya shiga masa ido.

Yanzu duk Juma'a da yamma babur yana tsayawa a ƙofar gidan. Mukarrama ta shiga ta zauna kusa da uwarta, Inuwa ya zauna daga bakin ƙofa ya ba surukarsa labarin sabon kashin Ɗan Walƙiya da bakinsa, yana yi matarsa tana ƙaryata shi. Wani lokaci kafin jarumi ya gama ceton birni, mai sharhi da Mai Gardama duk sun ɓingire, shi a jikin ƙofa, ita a kafaɗar Inna. Inna Kulu ba ta tashinsu. Takan miƙa hannunta mai lafiya ta kife wayar, ta zauna tana sauraronsu.